Jar Saniyar Abdullatif Adda

Duk wanda ya san Abdullatif Adda a Yashe ya san cewa in ka miƙa mishi goro, sai ya juya shi ya duba bayanshi kafin ya kai baki. Allah ya jiƙan shi, ya haskaka kabarinshi. Mu da muka taso tare Ladifu muke ce mishi, kuma mun san ba da zargi aka haife shi ba. Daga baya abin ya same shi, kamar yadda ciwo ke samun mutum.

Manomi ne ɗan manomi. Ya yi allo, ya ɗan taɓa firamare, mahaifinshi ya cire shi ya miƙa mishi sandar kiwo. Yana noman gero da dawa da wake, yana da bijiman huɗa da amalanke da 'yan shanun da ya gada. Allah ya yi mishi hannun dabba. In haihuwa ta gardama wa saniya a unguwa, shi ake kira, ya naɗe hannun riga yana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya auri Juwairiyya daga ƙauyen Boko, suka haifi 'ya'ya, suka aurar da matan, namijin ya tafi Kano neman abinci. Gidan ya rage daga shi sai ita.

Wata shekara wani baƙo mai jakar hannu ya sauka a ƙofar gidanshi, ya ce shi dillalin shanu ne. Mutum mai fara'a, mai yawan salati. Abdullatif ya shimfiɗa mishi tabarma, ya sa aka dama fura. Baƙon ya yaba shanun, ya tambayi inda suke kwana da wanda ke tsaronsu, Abdullatif kuwa ya yi ta ba shi amsa da zuciya ɗaya. Ba a daɗe ba gari ya waye turke babu komai sai guntayen igiyoyi. Ɓarayin daji sun kwashe har bijiman huɗa.

Karsana ɗaya ta tsira, ja mai farin goshi da yake kira Kyalla, don a lokacin tana cikin gida yana yi mata maganin ƙafa. Daga ranar ba ta sake ganin titi ba. Ya gyara mata ɗakin marigayiya mahaifiyarshi da ke can ƙuryar gida, ya cire ƙyauren, ya yaye rabin rufin don iska, ya rataya zana a ƙofar. Dabararshi mai sauƙi ce: cikin gida na mata ne, baƙon namiji iyakarshi zaure. In lokacin barbara ya yi, abokinshi Ummaru mahauci ya kan ara mishi ɗan bijimi mai gajeren ƙaho daga cikin waɗanda ya sayo don yanka, a shigo da shi a fitar ba tare da an tara mutane ba. Maƙwabta duk suna jin kukan Kyalla safe da yamma, amma ba mai ɗaga maganar. In baƙo ya tambaya, Abdullatif ba shi da ko akuya.

Ana nan sai Juwairiyya ta kwanta. Zazzaɓi ne mai wayo: da safe ya sake ta har ta share tsakar gida, da la'asar ya dawo ya kayar da ita, gumi ya jiƙa zaninta sharkaf. Baya da gwiwoyi suka riƙe. Mai kemis ya ce maleriya ce, aka yi allurai. Ya ce to taifot ce, aka sake wasu. Aka sha rubutu, aka jiƙa saiwoyi. Matar da ke ɗaukar tulu ba gammo ta koma sai ta dafa bango kafin ta kai bakin murhu. Abdullatif ya kan zauna kusa da ita yana yi mata fifita, a masallaci kuwa kowa ya ga ya rame tare da ita.

Wajen kaka mai unguwa ya sanar cewa an turo ɗalibai ƙauyukan Kankia da Kusada. Wai an haɗa masu karatun lafiyar mutane da masu karatun likitan dabbobi, ana aika su biyu-biyu gida-gida. Abdullatif ya ji maganar bai so ta ba. Tun da yake, asibiti daban, malamin dabbobi daban. Mi ya haɗa su tafiya guda?

Da hantsi suka yi mishi sallama. Wani ƙaton saurayi mai faɗin kafaɗa ya ce sunanshi Kamalu, sai wata 'yar siririyar yarinya mai tabarau da dogon hijabi, Rauda. Kallo ɗaya Abdullatif ya yi musu ya raba musu aiki a zuciyarshi: wannan ƙaton shi ne mai kayar da shanu, yarinyar kuwa malamar asibiti ce. Bai tambaya ba, don a ganinshi abin a fili yake.

Kamalu ya gyara zama ya ce, "Baba, akwai dabbobi a gidan?"

To, ga shi nan, in ji Abdullatif a ranshi. A fili ya ce, "Kaji ne. Sai kyanwar maƙwabta da ke zuwa sata."

"Tumaki fa? Ko shanu?"

"Samari, ka ga alamar mai shanu a jikina?"

Rauda ta yi magana a hankali. "Baba, ko akwai marar lafiya a gida?"

Ƙarya a kan saniya ba ta yi mishi nauyi, amma bakinshi ya ƙi cewa Juwairiyya lafiya lau take. Ya auna abin: malamar asibiti ɗakin majinyaciya za ta shiga, ba ruwanta da zanar da ke ƙuryar gida. Mai haɗarin shi ne wannan ƙaton, shi kuwa ga shi a zaure.

"Shiga, ɗiyata. Ɗakin da ke hannun dama."

Ya gyara zama a bakin ƙofar cikin gida, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Kamalu ya ci gaba da tambayoyi, Abdullatif na ba shi amsa guntu-guntu yana kallon takalmanshi da jakarshi. Can sai Kyalla ta saki kuka mai ƙarfi, har zauren ya amsa.

Kamalu ya danne dariya. "Baba, kajin nan naka akwai murya."

"Ta maƙwabta ce."

"Allah ya ba maƙwabta albarkarta."

Rauda ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, abin da Abdullatif ya fara gani shi ne ɗanyen kashin shanu a gefen takalminta. Ita kuwa ta durƙusa kusa da Kamalu tana magana da sauri.

"Inna na zazzaɓin yamma wata da watanni, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi. Saniyar ta yi ɓari sau biyu, gwiwarta ta gaba a kumbure. Inna ce ta kwashe mahaifar da hannunta, ita ke tatsa, kuma ba a dafa madarar."

Fara'ar Kamalu ta ɗauke. "Likita, me kike zato?"

"Bakkale. Ciwon shanu ne mai sa ɓari, kuma yana kama mutum ta madara. Amma ɓangaren Inna kai za ka faɗa."

Abdullatif ya miƙe tsaye. "Tsaya. Wace ce likitar?"

"Ita ce ta dabbobi, Baba," in ji Kamalu. "Ni ne na asibiti."

"To don mi kai ka tambaye ni shanu, ita ta tambaye ni marar lafiya?"

"Haka malamanmu suka tsara. Kowa ya yi tambayar ɗan'uwanshi don ya koyi aikinshi. Akwai cututtukan da in kowa ya tsaya a nashi ɓangaren, ba mai gane su."

Abdullatif bai ji ƙarshen maganar ba. Abin da ya gani kawai shi ne an zaunar da shi yana gadin wanda ba shi ne ba, ita kuwa mai idon shanu da bakinshi ya ce mata ta shiga.

"Kun yi mani dabara," ya ce. "An taɓa yi mani irinta, shi ma da fara'a ya zo. Ku tashi."

Kamalu ya ce, "Baba, jinin Inna kawai za a gwada, da na..."

"Na ce ku tashi!"

Suka tashi. Rauda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ko ba ka yarda da mu ba, don Allah a riƙa tafasa madarar." Ya rufe ƙyaure.

Daga ranar ya maida shimfiɗarshi zaure, ya ajiye gora da adda a gefe, yana jiran abin da ya tabbata zai zo. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ya leƙa. Madarar ma ya ce ba za a dafa ba, don a ganinshi in ya bi maganarsu guda, ya buɗe musu ƙofar sauran. Juwairiyya ba ta yi musu da shi ba, ta dai daina sha.

Da ya ga shiru, maimakon hankalinshi ya kwanta sai ya ƙara tashi. Ya hau mota zuwa Kankia, ya yi tambaya har ya gano inda aka sauke ɗaliban. Ya zauna wajen wani mai shayi da ke kallon wurin, ya ja hula ya rufe goshi. Abin da ya gani a ƙarƙashin wata rumfa ya ƙara ɗaure mishi kai. Ga Kamalu ya rungume wani bunsuru yana neman jijiyar wuyanshi, bunsurun na ihu, sauran na dariya. Ga Rauda ta ɗaura wa wani dattijo abin awon jini a dantse, wata malama na gyara mata hannu. Kowa na aikin da ba nashi ba.

Ya dawo Yashe ya zarce rumfar Ummaru mahauci, ya kwashe duka ya faɗa mishi.

Ummaru ya ci gaba da wasa wuƙa. "To, ɗan sandan ciki, mi ka gano?"

"Ko dai ba su san aikinsu ba, ko kuma aikin nasu ba shi ne wanda suke faɗa ba."

"Ladifu, ɓarawon da zai shekara da shekaru a jami'a don ya saci jar saniyarka mai kumburarriyar gwiwa, wallahi ya cancanci a ba shi ita har da igiya."

"Kai komi wasa ne. Wancan ma da salati ya zo."

"Wancan ya ce maka a tafasa madara?"

Abdullatif ya kakkaɓe riga ya tafi.

Ya ishe Juwairiyya zaune a ƙasa kusa da turmi, ƙwaryar gero ta kife, kaji na ta tsattsaga. Ta yi niyyar surfe ne ƙafafun suka ƙi. Ya ɗaga ta, ya ji ba ta fi nauyin damin kara ba. Ya kai ta ɗaki ya kwantar, ya ɗauko mafici.

"Malam, zamna in faɗa maka wata magana," ta ce. "Yarinyar nan ba leƙe ta yi ba. Ni na kai ta. Ni na ɗaga mata zanar."

Maficin ya tsaya a hannunshi. "Ke, Juwaire?"

"Ni. Ta tambaye ni abin da nake ci da abin da nake taɓawa. Tun da na kwanta ba wanda ya tambaye ni haka, sai dai a juya ni a soka mani allura. Da na ce madara, ta ce ta wace saniya. In ce mata mi? Ta maƙwabta?"

"Kin san abin da ya same mu."

"Na sani, da ni aka yi. Shekara nawa ina kwashe kashin Kyalla ban taɓa cewa na gaji ba. Amma yanzu ko sallah a zamne nake yi, Malam. In ɓarayi ne su zo su ɗauka. Ni dai ina son in tashi."

Mu da muka san shi mun san abin da wannan maganar ta ci mishi.

Washegari ya koma Kankia, ya ishe ɗaliban na ɗaure kaya, zamansu ya ƙare. Ya tsaya gaban malamarsu ya jera sharuɗɗa kamar mai ba da aure. Ba za a zo da motar da ke da rubutu a jiki ba. Namiji ba zai wuce zaure ba. Kuma duk inda za a kai jinin, ƙafarshi ƙafarsu. Malamar ta dube shi, ta dubi Rauda da Kamalu, ta ce ta yarda.

Da suka iso gidan, a zaure Kamalu ya ɗebi jinin Juwairiyya, tana jingine da kafaɗar mijinta, malamar na tsaye a kansu. A ƙuryar gida Rauda ta naɗe hijabi, ta sa safar hannu, Abdullatif ya riƙe ƙahon Kyalla, Ummaru kuwa aka bar shi a waje yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba ta saman katanga. Yarinyar ta shafa wuyan saniyar, ta danna da babban yatsa, ta soka allura sau ɗaya jini ya biyo. Abdullatif ya ga hannun ya iya, abin ya burge shi, ya kuma ji haushin burge shi da ya yi.

"Saniyar da ba ta fita," ya ce, "ina ta samo ciwo?"

"Ba ta fita, Baba, amma ai ana shigo mata. Bijimin wa ake kawowa?"

Daga bayan katanga aka ji Ummaru ya yi gyaran murya, daga nan bai ƙara ba da shawara ba.

Da aka zo sa kwalaben biyu a akwatin ƙanƙara guda, Abdullatif ya dafe murfin. Jini ja, kwalabe iri ɗaya. In aka musanya fa, aka ba matarshi maganin saniya? Kamalu ya nuna mishi rubutun da ke jikin kowace. Ya ce rubutu nasu ne, shi bai san abin da suka rubuta ba. Ya zare zare daga bakin rawaninshi ya ɗaura a wuyan kwalbar Juwairiyya, ya ƙulla sau uku. Haka ya rungume akwatin a cinya har Katsina, bai yarda an sa shi a bayan mota ba. A can aka ce na mutum ɗakin gwajinshi daban, na dabba daban, wannan ne kawai abin da ya yi mishi daidai a duk tafiyar.

Sakamako ya fito, ciwon guda ne a jikin su biyun. Likita ya rubuta wa Juwairiyya magani na makonni, ya ce ko ta ji sauƙi kar a tsaya. Abdullatif ne ke ba ta da hannunshi, kuma kowace ƙwaya sai ya ɗaga ta ya duba a hasken rana. Sannu a hankali zazzaɓin ya fara tsallake yini, gumin ya ragu. Ran da ya dawo daga gona ya ji ƙarar taɓarya a cikin gidanshi, sai ya tsaya a zaure ya kasa shiga. Ummaru ya ce ya same shi a nan yana share ido da bakin riga, shi kuwa Ladifu ya ce wai ƙaiƙayi ne ya faɗa mishi a ido.

Kyalla kuwa an faɗa mishi gaskiya: ciwon ba ya barin jikin saniya, in ta zauna za ta sake sa wa wani. Ya yi kwanaki yana jan ƙafa, yana cewa dama abin da suke so ke nan tun farko. Daga baya da kanshi ya ce a kira malamin dabbobi ya tsaya a kan yankan. Sai dai karsanar da ta shiga ta zaure ta zama uwar saniya, ƙahonta ya buɗe ya fi ƙofar faɗi. Dole aka fasa katangar baya. Ta fito tana ƙyafta ido, tana shinshinar ƙasar titi, unguwa ta taru.

"Ikon Allah! Malam Ladifu, ashe kana da saniya?" in ji wani maƙwabci da ya shekara yana jin kukanta.

"Ta maƙwabta ce," in ji Ummaru. Aka kwashe da dariya, har shi Abdullatif ya murmusa. Amma bai bi su mayanka ba. Ya miƙa igiyar, ya shafa farin goshin, ya koma ya fara kwaɓa ƙasar gyaran katanga.

Ɓarayi ba su zo ba. Shi dai har ƙarshen rayuwarshi bai taɓa cewa ya yarda da yaran nan ba. In an tayar da maganar sai ya ce, "Ba su samu dama ba ne." Amma da wata saniya ta yi ɓari a ƙauyen Fakuwa, mai ita kuma yana fama da zazzaɓi, shi ya hau keke ya je ya ce wa mutumin ya nemi asibiti da malamin dabbobi tare, kuma ya tsaya a kansu da ido.

Damina biyu bayan haka ya faɗi a gona yana noman dawa, ɓarin jikinshi ya shanye. Ya yi watanni a kwance. Juwairiyya ce ta yi jinyarshi, ita kaɗai, don ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke tallabo shi ta zaunar, ita ke juya shi in gefe ya gaji. In mun je dubiya mukan ishe ta ta ɗauko shi cak ta fito da shi inuwa, yana yi mata faɗa da rabin baki wai za ta yar da shi, tana cewa, "Yi shiru, Malam, ban yar da tulu ba balle kai."

A hannunta ya cika, wata safiya cikin watan Sha'aban, bayan ta gama ba shi kunu. Allah ya gafarta maka, Ladifu, ya sa Aljanna ce makomarka. Ita kuma Juwairiyya Allah ya ba ta haƙuri. Ta fita takaba, tana nan Yashe da ƙafafunta, bana ma ita ta tsaya a kan gonar har aka kai dawa rumbu.